Sharaɗin da ya riƙe mu wata huɗu

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana fili a gefen gari, mu biyar da mahaifiyarmu. Rabinsa tudu ne mai itatuwa, rabin kuma fadama ce da ruwa ke kwanciya a cikinta wata da watanni. Tun yana raye ya daina noma ɓangaren fadamar, don ƙarfi ya ragu, kuma duk mun watse neman abin kanmu. Sai wurin ya koma yadda Allah ya halicce shi. Ciyawa ta fi mutum tsawo, bado ya rufe ruwa, zalɓe ya dawo, agwagin ruwa suka mai da shi masauki. Da daddare kukan kwaɗi ba ya barinka ka ji maganar na kusa da kai.

Gari kuwa yana ta matsowa. Muna yara sai ƙafa ta gaji kafin a isa wurin. A shekarun nan kana tsaye a bakin ruwan kana jin ƙarar manyan motoci masu sauke yashi.

Cikin wata guda mutum biyu suka neme mu. Na farko dillali ne da wani kamfanin gine-gine ya turo. Na biyu wasiƙa ce daga ƙaramar hukuma, tana cewa filinmu na cikin wuraren da take son saye don a bar su ba gini, su zama mazaunin namun daji da wurin shan iska ga jama'a. A ƙarshen wasiƙar an rubuta cewa ba dole ba ne, in ba mu so magana ta ƙare.

Babban yayanmu ya karanta ya ajiye. Ya ce, "Hukuma ba ta saye. Karɓa take yi, ta ba ka abin da ta ga dama." Ban ga laifinsa ba, domin kusan kowace ƙasa dokarta ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a ta biya diyya, kuma kowa ya taɓa jin labarin wanda aka yi wa haka ya tashi da takaici. Na ce masa, "Yaya, bari in je in ji da kunnena. Jin magana ba sa hannu ba ne." Haka nauyin ya hau kaina, ban sauke shi ba sai bayan wata 19.

Jami'ar da ke kula da shirin ba ta fara da maganar kuɗi ba. Taswira ta shimfiɗa a kan tebur, da hoton yankin da aka ɗauko daga sama. Ta nuna min wani kurmi a arewa da mu wanda tuni yake hannun hukuma, ta nuna gaɓar kogi a kudu, sannan ta ɗora yatsa a tsakaninsu. Filinmu ne. Ta ce, "Malam, naku ne gadar. In aka gine shi, kurmin can ya zama tsibiri."

Ban gane nauyin maganar ba sai da ta warware min. Dabba ba ta zama wuri ɗaya. Tana kwana nan, ta sha ruwa can, ta haihu a wani wurin. In titi da katanga suka yanka daji gunduwa-gunduwa, waɗanda suka rage a kowane yanki 'yan kaɗan ne, suna barbara a tsakaninsu kawai, kuma fari ɗaya ko cuta ɗaya na iya ƙarar da su, babu wasu da za su iya shigowa su maye gurbi. Shi ya sa ƙaramin fili da ya haɗa manya biyu yakan fi babban fili da ke zaune shi kaɗai daraja a wurinsu. Ta ƙara da cewa fadama kamar soso take, tana shanye ruwan sama ta sake shi a hankali. In aka cike ta da ƙasa, ruwan ba ya ɓacewa, gidajen da ke gangare yake nufa. Daga baya na karanta rahoton da ofishin yarjejeniyar Ramsar ya fitar a 2018, wato yarjejeniyar kare wuraren dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Rahoton ya ce duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na irin waɗannan wurare tsakanin 1970 da 2015. Ina karantawa ina ganin fadamar Baba a cikin lissafin.

Ta ba ni zaɓi uku in kai gida. Ko mu sayar gaba ɗaya. Ko mu riƙe filin mu sayar wa hukuma haƙƙin yin gini a kansa kawai, ya zama namu ne amma ba mu da ikon yanka shi fuloti-fuloti, mu da duk wanda ya gaje mu ko ya saya a hannunmu. Ko kuma mu ba da shi kyauta. Na uku babu wanda ya ɗaga shi. Na biyu ya burge ni ƙwarai, don da shi fili bai bar hannun zuriya ba. Amma mu biyar ne, 'ya'yanmu sun haura ashirin, kuma babu mai zama kusa da wurin. Fili mai masu yawa da babu mai kula da shi, rigima yake jira. Muka tsaya a kan na farko, muka sa hannu a takardar da ta ba su izinin shiga su duba, wadda ba ta ɗaure mu da sayarwa ba.

Safiyo ya zo ya auna, ya gano cewa shingen da muka sani a matsayin iyaka ya shiga gonar maƙwabci da 'yan taku. Muka zauna da shi da 'ya'yansa, aka gyara cikin mutunci a yini ɗaya. Binciken ofishin rajistar filaye ne ya ci lokaci. Ashe Baba ya taɓa jinginar da filin ya karɓi bashi, ya biya tuntuni, amma ba a taɓa soke jinginar a littafi ba. Wata biyu na yi ina bin takardar shaidar biya, har Inna ta tuna da wata tsohuwar jaka da ya hana a taɓa. A ciki muka same ta. Masu duba lafiyar ƙasa kuma suka tarar da tsofaffin batura da gangunan baƙin mai da wani ya zubar a kusurwar da ke bakin hanya ba da saninmu ba. Aka kwashe, aka cire kuɗin aikin daga abin da za a biya mu.

Abin da ba zan manta ba shi ne zuwan masu nazarin halittu. Ba zuwa ɗaya suka yi ba. Sun zo lokacin ruwa, sun dawo bayan ya janye, don abin da ke zaune a wuri yana canzawa da yanayi. Da asuba suke shiga, su tsaya shiru suna rubuta tsuntsaye da kukansu tun kafin su gan su. Suka ɗaure ƙananan kyamarori a jikin itatuwa, irin masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya kira ni ya buɗe min kwamfuta. Ga zomo, ga bushiya, ga mujiya ta sauko kan wani abu a ciyawa, ga kunkuru yana haura gaɓa. Sai ga karen ruwa, uwa da 'ya'ya biyu, da tsakar dare, a daidai inda muke wanka muna yara. Shekara arba'in ina zuwa wurin nan ban san muna da irin waɗannan maƙwabta ba. Na tura hoton ga 'yan'uwana. Auta ce kaɗai ta amsa a ranar.

Sai ƙiyasin daraja ya fito, gida ya ɗauki zafi.

Doka ba ta bar hukuma ta biya fiye da abin da masu ƙiyasi suka yanke ba, don kuɗin jama'a ne. Mutum biyu suka yi aikin, kowa daban, kuma adadinsu ya yi kusa da juna. Dukansu sun gaza abin da dillalin ya ambata, da tazara mai yawa. Yaya ya ce, "Ai na faɗa maka." Na koma na nemi mai ƙiyasin ya fahimtar da ni. Ya ce shi yana auna fili ne da mafi ribar abin da doka ta yarda a yi da shi a yau, yana kwatanta shi da makamantansa da aka sayar kwanan nan. Tudun yana da daraja sosai. Fadamar kuwa a tsarin gari hanyar ruwa ce, ba a ba da izinin gini a kanta. Kamfanin ya sa mata kuɗi ne da fatan zai samu a sauya tsarin ya cike ta. Da na sake karanta takardar dillalin da lauyanmu, muka ga haka ne: kaɗan za a ba mu a hannu, sauran sai in izini ya fito, kuma in bai fito ba suna da damar janyewa bayan sun riƙe mana fili shekaru.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, da izinin ya fito, da mun fi samu a wurinsu. Kuma a cikinmu akwai mai 'ya'ya a jami'a, akwai mai jinya. Wanda ke da bukata ba a yi masa wa'azin karen ruwa. Mun yi zama uku. A na ukun Inna, wadda ba ta ce komai ba tun farko, ta ce, "Mahaifinku ya sha faɗa min, duk shekarar da fadamar nan ta cika, unguwar gangare ce ta tsira. Ku dai ku san da wannan." Ba ta ce mu sayar wa wane ba. Yaya ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce a ci gaba da hukuma, amma shi ransa bai kwanta ba.

Kafin kansiloli su kaɗa ƙuri'a sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a. Na shiga zauren ina zaton kowa zai yi murna. Ba haka na tarar ba.

Wani matashi ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu haya ta fi ƙarfinmu, ku kuma kuna saya wa kwaɗi gida." Aka yi dariya, amma ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa daga inda yake tsaye. Garin da ya killace fili bai buɗe wa gidaje hanya a wani wurin ba, talaka ya matse. Amsar da aka ba shi ita ce gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ba taimako ba ne ga mai shiga, kuma akwai filayen da aka ware don gidaje a tudu. Rabin amsa ce a wurina. Cikarta sai an ga gidajen sun tashi.

Wani ɗan kasuwa ya kawo maganar haraji, cewa filin da ya koma hannun hukuma ya daina kawo mata kuɗi. Jami'ar ta ce sabuwar unguwa ma ba kyauta take zuwa ba, tana buƙatar titi da magudana da makaranta da ruwan sha, kuma hukuma ce ke ɗauka. Ta kawo misalin birnin New York a Amurka, wanda tun yarjejeniyar 1997 yake sayen filaye a tsaunukan Catskill, inda ruwan shansa ke fitowa, daga hannun masu son sayarwa kawai, domin kare ruwan tun daga tushe ya fi masa sauƙi a kan gina matatar da za ta ci biliyoyin daloli. Da aka tambayi daga ina kuɗin namu zai fito, ta ce daga asusu na musamman da doka ta hana a taɓa don wani aiki. Ta ce ba sabon abu ba ne: mutanen garin Boulder a jihar Colorado tun 1967 suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu harajin kashi 0.4 cikin 100 a kan sayayya don sayen irin waɗannan filaye, kuma yau suna da fiye da eka 45,000 kewaye da garinsu.

Na ƙarshe da ya yi magana wani dattijo ne da na sani tun ina yaro. Shekara da shekaru yana kiwon 'yan shanunsa a gefen fadamar bayan ruwa ya janye, da izinin Baba na baki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai fili ya bar ni. Yanzu in ya zama na kowa, ni ina ciki?" Kunya ta kama ni, don duk tsawon watannin nan ban tuna da shi ba ko sau ɗaya. Ba shi da takarda, saboda haka bai fito a binciken kowa ba.

Bayan taron na same shi na ce, "Baba, ka yafe min. Ba zan sa hannu ba sai an san matsayinka." Abin da ya taimake mu shi ne masu nazarin da kansu suka goyi bayansa. Suka ce kiwo daidai gwargwado, a lokacin da tsuntsaye ba sa kwanci, yana hana dogayen ciyayi da sarƙaƙiya cinye buɗaɗɗen wurin da wasu tsuntsayen ke buƙata. Aka rubuta adadin dabbobi da watannin shiga a cikin tsarin kula da wurin. A lokacin ne na ci karo da labarin dajin Epping da ke gefen Landan. Masu ƙasa sun yi ta killace shi, kuma haƙƙin kiwo na talakawan yankin ne hujjar da hukumar birnin ta riƙe ta yi nasara a kotu a 1874. Dokar 1878 ta damƙa mata dajin, kusan hekta 2,400, da umarnin a bar shi ba shinge ba gini, kuma makiyaya suka ci gaba da haƙƙinsu. Ashe mai kiwo ne ya ceci dajin tun farko.

Kansiloli suka amince, biyu suka ƙi. Na ɗauka an gama.

Sai daftarin yarjejeniya ya zo. Shafi da yawa, na karanta shi dare biyu. A wurin da ya kamata a faɗi abin da za a yi da filin, an rubuta cewa hukuma za ta riƙe shi "don amfanin jama'a". Shi ke nan. Babu fadama, babu namun daji, babu hana gini. Na karanta layin ya fi sau goma. Tashar mota amfanin jama'a ce. Kasuwa amfanin jama'a ce. Ofishin hukuma ma haka. Mun karɓi kuɗi ƙasa da na kamfani saboda dalili ɗaya, kuma dalilin bai shiga takarda ba.

Na koma wurin jami'ar na ce, "Malama, ke na yarda da ke. Amma ke ba za ki dawwama a kujerar nan ba, kansilolin nan ma zaɓe na zuwa." Ba ta yi musu ba. Lauyan hukuma ne ya tsaya kai da fata. Ya ce haka suke rubutawa kullum, kuma majalisar yau ba ta iya ɗaure hannun ta gobe da ƙuduri, don abin da ƙuri'a ta kafa ƙuri'a na iya rushewa. Na ce to ai wannan shi ne tsorona, ka faɗe shi da bakinka.

Wata huɗu muka yi a kan wannan sakin layi. Ba da mugunta aka ja mu ba, amma an ja mu. Takarda ta je wannan ofis ta kwana mako uku, ta dawo da gyaran kalma ɗaya. A gida kuma matsi ya ƙaru, don kowa ya riga ya tsara abin da zai yi da rabonsa. Auta ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya, don Allah ka sa hannu, ba ka san halin da nake ciki ba." Na san halin. Daren nan ban yi barci ba, kuma har yau ina jin nauyin watannin da na sa ta jira. Abin da na iya shi ne na ranta mata abin da ke hannuna.

Mafitar ta fito daga lauyanmu. Ya ce ƙuduri yana mutuwa, amma sharaɗin da aka yi wa rajista a jikin takardar mallaka yana bin fili duk hannun da ya shiga. Sai dai sharaɗi ba ya tsare kansa, dole a samu wani na uku mai ikon kai ƙara in an karya shi. Aka nemo wata ƙungiyar kare muhalli mai rajista ta karɓi wannan amana. Aka rubuta ƙarara: ba gini sai hanyar ƙafa da rumfar kallon tsuntsaye, ba cike fadama, ba janye ruwanta, ba yanka fili, ba sayar da shi sai ga wanda zai ɗauki sharuɗɗan nan duka. Ƙungiyar za ta zagaya wurin kowace shekara ta rubuta rahoto, ta ajiye hotunan yadda aka karɓe shi don a riƙa kwatantawa. Na ƙara neman abu ɗaya, a ware kuɗin kula da wurin tun ranar saye, domin filin da aka saya aka manta da shi juji yake zama. Sun ba da na shekarun farko kawai. Ban samu duk abin da na so ba a nan.

Ranar sa hannu ba ta da wani armashi. Ɗaki ƙarami, tebur, biro ɗaya muna miƙa wa juna. Inna ta dangwala yatsa. Kafin ta dangwala ta tambayi jami'ar, "'Yata, itacen nan da mahaifinsu ke zama a gindinsa, zan iya zuwa?" Ta ce, "Inna, hanyar ƙafar ta gabansa za ta bi." Kuɗi suka shiga bayan kwana tara, aka raba.

Shekara guda ke nan. An kafa turakun iyaka, an share hanyar ƙafa, yara 'yan makaranta na zuwa da malamansu. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Sau biyu ana zubar da shara a kusurwar nan ta bakin hanya, kuma mai gadi ɗaya ne ga filaye uku. An taɓa kama wani da tarko. Dattijon nan yana nan da shanunsa, kuma shi ne ya kai rahoton mai tarkon.

Watan jiya wani sabon kansila ya kawo shawarar a yanki gefen tudun a yi wurin ajiye motoci. Yaya ne ya fara ji. Ya kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Wannan shafin da ka tsare mu wata huɗu a kansa, turo min hotonsa yanzu. Ƙarfe goma za su zauna, ni zan je."